Bugun Riguna A Boɗinga Da Shagari: Kafin A Sayo Inji, A Fara Tara Aiki

Makonni kaɗan da suka wuce, ina kan hanyar zuwa Tambuwal daga Sakkwato, motar da muke ciki ta tsaya a Boɗinga domin a ƙara wa taya iska. Muna jiran mai faci ya gama, sai idona ya faɗa kan wani matashi a bakin wata rumfar kwano, ya sunkuya a kan tebur. A gabansa akwai firam na katako wanda aka ɗaure wa wani ƙyalle mai ƙananan huji kamar rariya. Yaro ɗaya yana shimfiɗa riga, maigidan ya saukar da firam ɗin a kanta, ya ja tawada da wani faifan roba, ya ɗaga, sai ga bajon wata makarantar Islamiyya ya fito raɗau a ƙirjin rigar. Yaro na biyu ya ɗauke ta ya kai rana, ya shanya a kan tabarma, yana yi yana korar awaki kada su taka.

Da muka gaisa na tambaye shi yadda sana'a take, ya yi godiya ga Allah, sannan ya faɗa mini abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Ƙananan ayyuka irin wannan suna samuwa jefi-jefi, amma duk ranar da babban aiki ya taso, na riguna dubbai, ko na siyasa ne ko na hukuma, to Kano ake kai shi ko Legas, domin an san ba zai iya gamawa a kan lokaci ba. Daga nan ya zaro wayarsa ya nuna mini bidiyon wani inji mai hannuwa barkatai kamar ƙafafun gizo-gizo, yana juyawa da kansa yana buga launi bayan launi, riguna na fita ba ƙaƙƙautawa. A ganinsa, ranar da ya mallaki wannan inji, ranar ce kakarsa za ta yanke saƙa.

Na rabu da shi ina juya maganar a zuciyata har muka wuce Shagari. Burinsa halal ne, kuma ba shi kaɗai ke da shi ba. Yanzu da guguwar zaɓen 2027 ta fara kaɗawa, ba da jimawa ba za mu ji masu neman kujera suna alƙawarin sayo wa matasa injuna da sunan tallafi. Abin da nake son mu fahimta kafin lokacin shi ne, injin nan yana da saurin da ake faɗa, har ma ya fi, amma ribarsa tana rataye ne a kan yawan aikin da za a riƙa ciyar da shi da shi kullum. Wanda ya sayo shi kafin ya tara wannan aiki, ya sayo wa kansa bashi ne mai hannu goma sha biyu.

Sana'ar da asalinta

Masu wannan sana'a suna ce mata sikirin, ni kuwa zan kira ta bugun rariya, domin sunan ya fi bayyana yadda take. Ana ɗaure raga mai laushi a jikin firam, a shafe ta da wani sinadari mai jin haske, a bar ta ta bushe a cikin duhu. Sai a ɗora mata fim ɗin da ke ɗauke da zanen da ake so, a haska ta. Duk inda haske ya taɓa, sinadarin zai ƙanƙare ya toshe hujojin ragar. Inda baƙin zane ya kare kuwa, ruwa zai wanke shi ya bar ƙofa a buɗe. Ta waɗannan ƙofofi ne tawada ke bi ta sauka a kan riga idan an ja ta da faifan roba. Kowane launi da nasa firam. Zane mai launi huɗu yana buƙatar firam huɗu, kuma dole kowanne ya sauka daidai inda ɗan'uwansa ya tsaya, in ba haka ba idon ɗan takara ya koma kan kumatunsa.

Dabarar tsohuwa ce. Masana tarihinta kan danganta farkonta da ƙasar Sin a zamanin daular Song, tsakanin shekarar 960 zuwa 1279, sannan mutanen Japan suka ƙware wajen yanka zane a takarda suna buga shi a yadi. A 1907 wani Bature mai suna Samuel Simon ya yi rajistar hanyar bugu ta ragar siliki a Manchester ta ƙasar Ingila. A nan gida ma muna da 'yar'uwarta: masu adire na Abekuta sun daɗe suna huda zane a fallen kwano, su shafa kullun rogo ta cikin hujojin kafin a tsoma yadin a baba.

Ita kanta ƙasar Boɗinga ba baƙuwa ba ce ga aikin yawaita rubutu. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna na wasu shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Littattafan da aka wallafa a wannan tsakani da hannu almajirai suka riƙa kwafarsu, shafi bayan shafi, har suka kai garuruwa masu nisa. Abin lura a nan shi ne, masu neman karatun ne suka haifar da masu kwafa. Buƙata ce ta riga hannu zuwa, kuma haka lamarin yake har gobe.

Abin da inji ya sauya

A 1960 wani Ba'amurke mai suna Michael Vasilantone ya ƙera teburin bugu mai juyawa, wanda ke ɗauke da firam da yawa a lokaci guda, ta yadda riga za ta karɓi launuka daban-daban ba tare da an cire ta daga mazauninta ba. Daga wannan teburi ne aka kai ga injin da matashin Boɗinga ya nuna mini, irin waɗanda kamfanoni kamar M&R na Amurka da ROQ na Fotugal da MHM na Ostiriya ke ƙerawa a yau. A cikinsu iska mai ƙarfi ko ƙananan injunan lantarki ne ke juya teburin, su saukar da firam, su ja robar, su ɗaga. Aikin ɗan Adam ya koma uku: mai sanya riga, mai cirewa, da mai karɓa a bakin tandar busarwa.

Amfanin wannan ya wuce sauri. Hannun mutum yana gajiya. Ƙarfin da ya danna roba da shi da hantsi ba shi ne na la'asar ba, shi ya sa rigar farko da ta ƙarshe kan bambanta. Inji kuwa da nauyi ɗaya da kusurwa ɗaya yake ja daga riga ta farko har ta dubu, don haka tawada ba ta ɓarna, launi ba ya sauyawa, rigunan da ake zubarwa saboda kuskure suna raguwa. Inda ƙwararren mai bugun hannu zai fitar da gommai a awa guda, inji yana fitar da ɗaruruwa.

A ɓangaren yadi ma haka aka yi. A 1963 kamfanin Stork na ƙasar Holan ya fito da injin da ya naɗe ragar ta zama kamar gora ta ƙarfen nikel mai huji, tawada na cikinta, yadi na gudu a ƙarƙashinta ba tsayawa, mita gommai a minti guda. Mafi yawan yadin da ake bugawa a duniya a yau ta irin wannan hanya yake fitowa, har da atamfa mai sauƙin kuɗi da ta cika Kantin Kwari a Kano. Kai, ko faifan sola da ke kan rufin masallatai da shagunan cajin waya a Shagari, siraran layukan azurfa da ake gani a fuskarsa da bugun rariya aka zana su, a masana'antun da hannun mutum bai cika taɓa kayan ba. Saboda haka sana'ar da wancan matashi ke yi a ƙarƙashin rumfa reshe ce ta wata babbar fasaha, ba wasan yara ba ce.

Lissafin da bidiyo ba ya nunawa

Bidiyon waya yana nuna inji ne a lokacin da yake gudu. Ba ya nuna awannin da aka ɓata kafin ya fara. Kafin a buga riga ko ɗaya, sai an raba zane launi-launi a kwamfuta, an fitar da fim, an shafa raga, an haska, an wanke, an busar, an ɗaura kowane firam an daidaita shi da sauran, an gauraya tawada, an yi gwaji. Wannan shiri ba ya raguwa don aikin ƙarami ne.

Bari mu yi wani ɗan lissafi na misali. Mu ɗauka shirin yana cin awa ɗaya, mai bugun hannu yana fitar da riga 60 a awa, inji kuma yana fitar da 600. Idan aikin na riga 60 ne, kamar na ɗaliban da za su yi walimar sauka, mai hannu zai gama a awa biyu, inji kuma a awa ɗaya da minti shida. Ribar lokacin ba ta kai awa guda ba, kuma ba ta isa ta biya kuɗin man da aka ƙona ba. Amma idan aikin na riga 6,000 ne, mai hannu zai shafe awa 101, wato kusan mako biyu na aikin yini, inji kuma ya gama a awa 11. A nan ne inji ke nuna kansa. Ashe ke nan tambayar da ya kamata mai son sayensa ya yi wa kansa ita ce, sau nawa a shekara aikin riga dubbai ke ƙwanƙwasa masa ƙofa? Idan amsar ita ce sau ɗaya a shekara huɗu, lokacin zaɓe, to sauran watanni arba'in da wani abu injin zai zauna ne yana shan ƙura, mai shi yana biyan bashi.

Sannan inji ba ya zuwa shi kaɗai. Yana buƙatar kwamfuresa mai ba shi iska busasshiya marar datti. Yana buƙatar tanda mai bel wadda za ta gasa tawadar, domin tawadar roba da aka fi amfani da ita a riguna ba ta kama jiki sai zafi ya kai wajen digiri 160 a ma'aunin Salshiyas. Idan inji na fitar da riga goma a minti, ana kuma shanya su a tabarma, to saurin tabarmar shi ne saurin masana'antar baki ɗaya. Duk waɗannan suna son wuta mai ƙarfi wadda ba ta ɗaukewa, galibi mai layi uku. Mu kuwa da ke ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda ke kula da jihohin Kaduna da Kabi da Sakkwato da Zamfara, mun san yadda wuta take a garuruwan da ke wajen babban birni. Wanda zai dogara da janareta kuma ya tuna yadda farashin mai ya koma tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafi.

Ga kuma batun canji. Injin da ragar da sinadarin da tawadar, kusan duk daga waje ake shigo da su. Dalar da ake saye a kan ƙasa da Naira 500 a farashin hukuma a farkon 2023 ta haura Naira 1,500 a 2024. Ƙaramin bawul ya lalace, sai an aika Legas ko ƙetare, kuma makanikin da ya san cikin injin ba a Boɗinga yake kwana ba.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. A bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, tawada mai ruwa tana bushewa a cikin raga ta toshe ta tun ba a kai ko'ina ba. A hunturu ƙura tana sauka a kan ragar da aka shafa, ta bar ƙananan huji da ke ɗiga tawada inda ba a so. Wanda zai kafa inji a nan sai ya fara gina ɗaki mai rufi da ƙofa da tagogi masu tare ƙura. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Darasin Kakuri da Gusau

Arewa ta taɓa mallakar manyan injuna, kuma ba a bidiyo ta gan su ba. A 1957, zamanin Sardauna, masaƙar Kaduna da aka fi sani da KTL ta fara aiki a Kakuri. Bayanta aka samu Arewa Textiles da Nortex da UNTL, wadda ta shahara da buga atamfa. Kano ta yi nata masaƙu, Funtuwa ma haka, Gusau kuma, wadda take cikin Jihar Sakkwato har zuwa 1996, ta yi masaƙar Zamfara. Dubban magidanta sun ci abinci a waɗannan wurare. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, sauran ma suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Rashin inji bai kashe su ba, domin da injunan a ciki aka garƙame ƙofofin. Abin da ya durƙusar da su shi ne tsadar wuta da baƙin mai, da yadin fasa-ƙwauri mai arha da ya mamaye kasuwa, da taɓarɓarewar noman auduga, da rashin kuɗin sabunta kayan aiki. Wato dai an rasa kasuwa, an rasa wuta, sai ƙarfe ya koma tsatsa. Mutanen Shagari ma suna da misali a kusa da zuciyarsu. A mulkin ɗansu, marigayi Alhaji Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983, aka zuba dukiya mai yawa wajen gina kamfanin ƙarafa na Ajakuta da kyakkyawar niyya, amma har yau bai kai ga cika burin da aka gina shi dominsa ba, saboda sauran abubuwan da ya kamata su tafi tare da shi ba su kammalu ba. Idan hakan ta faru da masu biliyoyi, ina ga matashin da zai ci bashin banki? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To ina aikin yake?

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa babu aiki a wannan yanki. Akwai shi, sai dai a warwatse yake, kuma mafi tsokarsa ficewa yake yi. Kowace firamare da sakandare da Islamiyya tana da bajo a yunifom da hijabi, kuma kowace shekara sababbin ɗalibai na shiga. Ƙungiyoyin ƙwallo na unguwanni suna buga lamba da suna a jesi. Masu aikin rigakafi da ma'aikatan lafiya da 'yan agaji da 'yan sintiri da ƙungiyoyin 'yan acaɓa duk suna sanya riguna masu tambari. Ga rigunan Maulidi da na walima da jakunkunan rabo na biki. Ga masu casar shinkafa da masu niƙa da ke son sunansu ya fito a buhu, ga matan da ke haɗa sabulu da turaren wuta da yaji suna neman tambarin da zai bambanta kayansu a kasuwa. Bayan duk wannan kuma ga rigunan siyasa da hulunan hana-salla da tutoci.

Garuruwan biyu suna kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega, ba su kai tafiyar awa guda da juna ba, ga Yabo a gefe. Idan aka haɗa buƙatun waɗannan ƙananan hukumomi wuri guda, aka tsara su bisa watannin shekara, za a iya samun abin da zai riƙe ƙaramar masana'anta. A yanzu kuwa kowane shugaban makaranta da nasa mai bugu, kowane ɗan kwangila da nasa abokin hulɗa a Kano ko a Shomolu ta Legas, kuɗin kuma can suke kwana.

A nan ne hukuma take da rawar takawa, kuma rawar ba ta raba injuna a filin taro ba ce. A watan Mayun 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da Umurnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003, wanda ya wajabta wa ma'aikatunta fifita kayan gida wajen saye, kuma yunifom na cikin abubuwan da aka ambata. Babu abin da zai hana Jihar Sakkwato da ƙananan hukumominta 23 su yi irin wannan a matakinsu, musamman bayan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi. Takardar da ke tabbatar wa ƙungiyar masu bugu cewa za a ba ta aikin kaza a kowane zangon karatu na shekara uku, tare da biya a kan lokaci, ta fi kyautar inji daraja. Da irin wannan takarda ce ake tunkarar Bankin Masana'antu a karɓi rance da ƙwarin gwiwa.

Yaran shago fa?

Akwai masu cewa inji maƙiyin talaka ne, tunda mutum uku za su yi aikin mutum ashirin. Wannan damuwa ce ta gaskiya, bai kamata a yi mata dariya ba. A inda manyan ayyuka suke hannun masu bugun hannu, shigowar inji tana korar mutane. Sai dai a Boɗinga da Shagari manyan ayyukan ba sa hannunsu tun farko. Injin da zai zo nan, idan an yi shi da tsari, abokin takararsa na Legas ne da na Sin, kuma aikin da zai ƙwato zai jawo mai zane a kwamfuta, da mai shirya raga, da tela, da mai guga da naɗewa, da mai dako. Haɗarin da nake hange shi ne wani mai kuɗi guda ya kafa injin, ya karya farashi, ya haɗiye har ƙananan ayyukan da ke riƙe da rumfuna. Maganin wannan shi ne masu rumfunan su zama su ne masu injin.

Akwai kuma wani sauyi da ya kamata su sa wa ido. A 'yan shekarun nan wata sabuwar hanya da ake kira DTF ta bazu a birane, inda na'ura ke buga hoto kai tsaye daga kwamfuta a kan fim, a barbaɗa masa hodar gam, a manna a riga da injin zafi. Ba ta buƙatar firam ko raba launi, don haka a aikin riga goma ko ashirin mai launuka da yawa ta fi bugun rariya sauƙi. Ma'ana, mai bugun hannu yana tsakanin wuta biyu: babban inji na cinye manyan ayyuka, DTF na cinye ƙanana. Wanda ya tsaya inda yake, ko babu inji a garinsu, kasuwa za ta bar shi.

Hawa daki-daki

Shawarata ga masu sana'ar ita ce su fara da inda aiki ke maƙalewa. Akasarinsu da hasken rana suke haska raga, rana kuwa ba ta da ma'auni. Ta yau daban, ta gobe daban, ranar hazo kuma sai a yi asarar sinadari. Akwatin haske mai ƙwan lantarki da agogo, wanda kafinta da mai gyaran wuta za su iya haɗawa, kuma ƙaramar sola za ta iya ɗauka, zai kawar da wannan caca. Na biyu, teburi mai juyawa na hannu, mai ɗaukar launi huɗu ko shida, wanda ba ya shan wuta ko kaɗan, kuma ƙwararren mai walda zai iya gyara shi. Na uku, tandar busarwa, ko da mai amfani da iskar gas ce, domin a rabu da tabarma da awaki, a kuma daina jin ƙorafin cewa rubutu ya goge tun wankin farko. Waɗannan uku za su ninka abin da rumfa ke fitarwa, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na babban inji ba.

Na huɗu shi ne littafi. Mai sana'a ya riƙa rubuta awa nawa shiri ya ci, riga nawa aka buga, nawa suka lalace, tawada nawa ta tafi, wane aiki ya mayar saboda ya fi ƙarfinsa. Bayan shekara guda, wannan littafi ne zai faɗa masa ko lokacin inji ya yi, kuma shi ne abin da banki zai nema.

Na biyar, haɗin kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu bugu na Boɗinga da Shagari da Yabo su yi ƙungiya mai rajista, su riƙa sayen tawada da raga da fararen riguna a sari, su kafa cibiya guda mai tanda da akwatin haske inda kowa zai kawo aikinsa ya biya kuɗin awa. Idan littafin cibiyar ya nuna ana mayar da manyan ayyuka wata bayan wata, to a lokacin sai a yi maganar inji mai sarrafa kansa, a kuma tabbatar an tura matasa biyu ko uku sun koyi gyaransa kafin ya iso. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato, da hukumomi irin su SMEDAN da ITF, suna da abin da za su iya bayarwa ta fuskar horo idan an tunkare su da buƙata bayyananniya. A cikin horon kada a manta da lafiya, domin yaran da ke wanke raga da fetur ko tina da hannu tsirara a ɗaki marar iska suna biyan wani farashi da ba ya fitowa a lissafi.

Ga 'yan siyasarmu kuma, ga gwaji mai sauƙi. Duk ɗan takarar da zai tsaya a Boɗinga ko Shagari ya yi alƙawarin samar wa matasa aikin yi, a tambaye shi inda aka buga rigar da magoya bayansa ke sanye da ita a wurin. Idan da gaske yake, ya raba aikin tun yanzu, ya ba masu rumfuna wani kaso da isasshen lokaci da kuɗin kafin alƙalami, maimakon ya zo musu ana saura kwana uku taro sannan ya ce ba su iya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da na dawo ta Boɗinga bayan kwana biyu, na hango matashin nan yana ɗaure rigunan makarantar a cikin buhu, ya gama. Ban tsaya ba, amma na yi masa fatan wata rana ya mallaki injin da yake mafarki, a lokacin da littafinsa ya cika da aikin da zai ciyar da shi, da wutar da za ta juya shi, da abokan sana'ar da za su raba nauyinsa. Allah Ya sa albarka a neman matasanmu, Ya kuma ba shugabanninmu ikon gane abin da ya kamata a fara da shi.